Maɓalli Na Goma Sha Ɗaya

Litinin, 3 ga Maris

Kai mai leƙen littafin mutane, tunda ka buɗe, sai ka amsa. Yana zaune a ƙasa, duhu. Ya hau sama, duhu. Sai a hanyarsa ta saukowa yake haske. Wane ne? Kada ka ce tauraro mai wutsiya, an riga ka, an kuma faɗi.

Ni na ƙago wannan kacici-kacicin yau bayan azahar, daga karatun jikata Tabarau, haka nake kiranta saboda gilashin idonta. Ita ce ta ba ni wannan littafin, ragowar na lissafinta ne, wai uwarta ta ce rubutu yana hana ƙwaƙwalwa tsatsa. Uwar tata ma'aikaciyar jinya ce, kowa a wurinta majinyaci ne. Ni da na tsaya a aji huɗu, shekara arba'in ina taka keken ɗinki, yanzu an mai da ni marubuciya. To.

Laraba, 5 ga Maris

Tabarau ta dawo makaranta ta zube a gadona da takalmi. Na ce sauka, ba na ubanki ba ne. Ta ce ai na uwar ubanta ne, gadon gado. Bakinta a ɗakin nan kamar reza. A waje kuwa ko gaisuwa sai an ciro mata da ƙugiya.

Ta ce in zauna ta koya mini, don in ta koya wa wani ya fi zama mata. Wai kowane abu a duniya, har ni, an yi shi da ƙwayar zarra, atam suke cewa. Kowane atam kamar gidan bene ne, mazauna cikinsa su ne ilektiron. Hawa na farko ɗaki ɗaya, gado ɗaya. Hawa na biyu akwai ƙaramin ɗaki mai gado ɗaya, da babba mai gado uku. Kowane gado mutum biyu yake ɗauka, kuma dole kai da ƙafa za su kwanta, ɗaya ya dubi sama ɗaya ya dubi ƙasa.

Na ce wannan ai gidanmu ne muna yara, wa ya kai musu labari?

Abin da ya fi ba ni dariya: ba mai yarda ya hau sama in akwai wuri a ƙasa. Kuma a ɗaki mai gado uku, kowa sai ya kama gadonsa shi kaɗai tukuna, sai an rasa fanko sannan a haɗa. Na ce sak mata a bencin asibiti. Ta yi dariya har tabarau ya zame mata.

In kowa ya samu wuri mafi ƙasa ya natsu, wannan shi ne zaman asali. Haka ta ce.

Alhamis, 6 ga Maris

Gwiwa. Ba abin da zan ƙara.

Asabar, 8 ga Maris

Takarda ta zo daga makaranta. Ubanta ya karanta a tsaye, da sukudireba a bayan kunne, bai ko ajiye jakar gyaran fankarsa ba. Wai ajin kimiyya ya cika, za a rage ɗalibai ƙarshen wata. Rubutun Tabarau ba laifi, amma sau biyu ana tsayar da ita ta yi bayani a gaban aji, sau biyu tana tsayawa kamar turmi. Ranar ashirin ga wata za ta sake tsayawa. In ta kasa, sai a mai da ita wani aji.

Uwarta ta ce, "Za ta iya." Shi kuwa ya ce, "In ba ta iya ba, ba ƙarshen duniya ba ne. Ga Iya, ga keke. Ta rage littattafan nan ta koyi sana'a da yamma."

Yarinyar ta shige banɗaki ta buɗe famfo. Duk mun san abin da famfo yake rufewa.

 Nan littafina ne, bari in faɗa: da ya ce ga Iya ga keke, wani abu ya yi tsalle a ƙirjina. Baƙar keken nan tana kusurwa shekara uku a lulluɓe. 'Ya'ya biyar na haifa, ba wanda ya san inda ake ɗiga mata mai. Surukata kuwa allura sai ta jikin mutum.

Allah ya shirye ni.

Talata, 11 ga Maris

Na ɗora ruwan zafi da gishiri zan gasa gwiwa, na manta, ya tafaso ya zubo kan murhun gas. Wutar da take shuɗiya ta koma rawaya, fau, kamar an kunna mata wani rai. Na saba gani tun ina amarya, ban taɓa tambaya ba. Tabarau ta fito da gudu tana cewa, "Iya, kin gani? Kin ga sodiyam!"

Na ce ni dai ruwana na gani ya zube.

Ta ce a cikin gishiri akwai wani atam, sodiyam, mai mazauna goma sha ɗaya. Biyu a hawa na farko, takwas a na biyu, duk sun cika gadajensu bibbiyu. Saura ɗaya tilo, shi kaɗai a ƙaramin ɗakin hawa na uku. In wuta ta taɓa shi sai ya samu ƙarfi ya yi tsalle zuwa ɗakin da ke sama da nasa. Wannan shi ne zaman zumuɗi. Amma ba ya iya daɗewa can, ko ƙiftawar ido bai kai ba. Sai ya dawo, kuma ƙarfin da ya karɓa sai ya mayar da shi daidai, ba ragi, ya fito a haske, shi ne rawayan da na gani. Kowane atam da tsayin matakalarsa, shi ya sa kowa da launinsa. Na tagulla kore ne.

Da la'asar na kishingiɗa, labule yana motsi, ban yi barci ba ban kuma farka ba. Na ga gidan. Dogo, ba bango, matakala kamar zare. Yara goma kwance kai da ƙafa suna ta ƙus-ƙus, na sha ɗaya yana zaune a bakin gado yana kaɗa ƙafa, ba abokin hira. Na ce masa, kai ɗan nan, ina uwarka? Ya dube ni da idon marigayi mijina. Sai karar babur a titi ta kore shi.

Na fi minti goma ina jin haushin mai babur.

Juma'a, 14 ga Maris

An yi gwaji a falo. Ubanta a kujera, uwarta a hannun kujera da kayan aiki a jikinta, ni a kan darduma. Tabarau ta tsaya gaban talabijin ta ce, "Atam ɗin sodiyam yana da..." Shi ke nan. Ta dubi silin, ta dubi yatsun ƙafa. Ubanta ya ce, "Muna ji." Wannan muna jin ne ya ƙarasa ta.

Bayan sun watse ta biyo ni ɗaki, ta zayyano mini komai tiryan-tiryan, har da hannu a ƙugu. Na ce ke wai aljanunki a ɗakina suke kwana? Ta ce, "Ke ba kya jiran in yi kuskure. Ke jira kike ki yi mini dariya, wannan daban ne."

Ta roƙe ni abu. Sauran ɗalibai a kwali za su zana nasu. Ita tana so in ɗinka mata gidan sodiyam a ƙyalle, ɗakuna da jan zare, mazauna da maɓallai, farare masu duban sama, baƙaƙe masu duban ƙasa. Wai in tana riƙe da abin da ya fito daga ɗakina, ƙila bakin ya biyo ta.

Na ce zan duba ko ina da lokaci. Ni da ba ni da komai sai shi.

Litinin, 17 ga Maris

Na yaye wa keke mayafi. Ta yi tari, ta yi ƙorafi, na ɗiga mata mai, ta yafe.

Na buɗe gwangwanin maɓallai. Wasu sun girmi uban Tabarau. Akwai na rigar ɗan sanda, akwai na kwat ɗin wani malami da bai dawo ya karɓa ba. Mun shimfiɗa shuɗin ƙyalle a ƙasa, ta zana mini da alli: layi biyar daga ƙasa zuwa sama, kowane ɗaki da layinsa. Na biyar, can ƙoli, ɗaki mai gado uku, ta ce a bar shi fanko, don a nuna ba kowa a ciki.

Idona ya ƙi ramin allura. Ta karɓa, sau ɗaya ta zura. Sau ɗaya! Na ce ta taka mini layi guda in huta. Ɗinkin ya fito a miƙe kamar an ja da rula, ba wanda ya koya mata. Hannun uwata ne, na rantse, har yadda take lanƙwasa ɗan yatsa.

Na ce, "Wannan hannun asara ne a kan kwalaben gwajin kimiyya." Ta ce, "Iya, kada ki fara."

Ban fara ba. Amma duk yammacin nan ina ganin mu biyu a ɗakin, ita a keke ni ina yanka, rana tana shigowa ta taga tana kwanciya a kan yadi. Har rediyo na ji a ciki.

Laraba, 19 ga Maris

Maɓalli goma sun zauna tun safe, fari da baƙi, fari da baƙi. Na sha ɗaya ya rage a tafin hannuna, ɗan fari mai ido huɗu.

Na san wurinsa. Layi na huɗu, ƙaramin ɗaki. Ta nuna mini ya fi sau goma, har alamar alli tana nan.

Na ɗinka shi a layi na biyar.

Na ce wa kaina tausayi ne. Yaro shi kaɗai a ƙuntataccen ɗaki, ga babba a sama mai gado uku ba kowa, ya sha iska mana. Na ƙulle zaren sau uku, irin ƙullin da nake wa wandon 'yan makaranta. Na goge allin da yawu. Na naɗe ƙyallen na ɗaure da tsumma.

Ta dawo a gajiye, ta ce ta gani. Na ce kada ki kwance, na yi masa guga, zai yamutse. Ta sumbaci goshina ta sa a jaka.

Tausayi ne. Na rubuta, ga shi nan.

Alhamis, 20 ga Maris

Ta fita bakwai da kwata ba ta karya ba. Na zauna da kofin shayi har ya yi fata. Gidan shiru, agogo kaɗai ke aiki. Na dubi keken, ita ma ta dube ni, ba ta ce komai ba, amma na san irin shirun nan, na tsofaffin da suka san abin da ka yi.

Ƙarfe tara na sa reza da allura da farin zare a jaka. Minti biyu ya ishe ni in cire in mayar. Na tari tasi. Rabona da fita ni kaɗai tun kafin gwiwar nan ta zama shugabar gida.

Maigadin makaranta ya ce ba a shiga. Na ce jikata ta manta maganinta. Ya ce wane magani? Na ce ni. Ya yi dariya ya buɗe.

Ɗakin gwaje-gwajen yana hawa na uku. Wanda ya gina makarantar nan ba shi da kaka. Na kama ƙarfe ina ja, kowace matakala sai na yi mata sallama. A hawa na biyu na zauna, wata mai shara ta ba ni ruwa ta ce, "Mama, ki koma mana." Na ce 'yar nan, in na koma yanzu ba inda zan zauna.

Na isa a makare. Ƙofa a buɗe, dogayen tebura, famfo a kan kowanne, wari kamar na asibiti. Yara sun fi talatin. Tabarau tana gaba, ta riga ta rataye ƙyallen a allo, ta juyo tana fuskantar aji, ba ta ko duba shi ba. Shuɗin ya yi kyau, ba don ni na ɗinka ba.

Ta ce, "Atam ɗin sodiyam yana da..." Ta tsaya.

Malamar, wata siririya mai farar riga, ta matsa kusa da allo ta ƙura ido. Ta ce, "Dakata. Wannan ne zaman asalin sodiyam?" Wata a baya ta ce, "Ta sa shi a sama!" Aka fara dariya ƙasa-ƙasa.

Tabarau ta juya ta gani. Na ga bayan wuyanta ya sandare. Ta san hannun da ya yi ƙullin nan. Da ta juyo, idonta ya faɗo kaina a bakin ƙofa, ina haki, da reza a hannu kamar mahaukaciya.

Ban san me zan yi ba. Sai na yi abin da na iya. Na murguɗa mata baki.

Wallahi sai ta sa hannu a ƙugu. Ta ce, da ƙarfi, ni take kallo, "A'a, Malama. Wannan ba a zaune yake ba. Wannan sodiyam ne a cikin wuta." Malamar ta ce, "Ci gaba." Ta ci gaba. Biyu a nan, biyu a nan, shida a nan, wannan na ƙarshen wurinsa nan ne, amma zafi ya ɗaga shi zuwa nan, kuma ba zai daɗe ba. Ta faɗi sunayen ɗakunan da harufansu da lambobinsu, waɗanda ni ban taɓa riƙewa ba. Muryarta tana rawa, amma tana tafiya, kamar keke a kan yadi mai kauri. Sau ɗaya ta kakare. Na ɗaga gira. Ta wuce.

Malamar ba ta ce da kyau ba. Ta kunna wani ɗan murhu mai dogon wuya, ta ce a ja labule, ta miƙa wa Tabarau waya da gishiri a bakinta. "Nuna mana dawowarsa." Yarinyar ta sa a wuta. Ɗakin duk ya yi rawaya, fuskokin yara, famfuna, gilashin idonta. Na ga abin nan sau dubu a kicin. Ban taɓa ganin sa a fuskar jikata ba.

Ban jira an tashi ba. Saukowa ta fi hawa ciwo, ba wanda ya gaya mini.

Juma'a, 21 ga Maris

Ba ta shigo ɗakina ba. Na ji takalminta ya wuce.

Asabar, 22 ga Maris

Haka dai. Ubanta yana ta yi mini faɗan fita ni kaɗai. Uwarta ta ɗaure mini gwiwa ta ce, "Iya, me ya kai ki?" Na ce shan iska.

Lahadi, 23 ga Maris

Ta shigo da hantsi. Ba ta hau gado ba, ta tsaya jikin ƙofa.

"Iya, kin sani ko ba ki sani ba?"

Na ce yaron ne ya ba ni tausayi, shi kaɗai a ɗaki. Ta ce, "Iya." Na ce ido ne, tsufa. Ta ce, "Kin goge allin."

Na dubi hannuwana. Na ce na sani.

 Sannan ta ce, "Da ba ki zo ba fa?" Na ce da yanzu kina koyon sa wa riga aljihu. Ba ta yi dariya ba. Ni ma bai ba ni dariya ba, bakin ne ya saba.

Ta ce ba keken ta ƙi ba. Ta ce in an kunna wutar nan ji take kamar an buɗe mata taga a ka, kuma ba ta san yadda za ta faɗa wa mutanen gidan nan ba, ni kaɗai take tsammanin na gane. Wannan ce ta shige ni. Da zagi ta yi da ya fi sauƙi.

Ta fita ta bar ƙofa a buɗe. Ban sani ba ko mantuwa ce.

Alhamis, 27 ga Maris

An kafe sunaye. Tana cikin waɗanda aka bari a ajin kimiyya, ta uku daga ƙarshe. Ubanta ya ce ai ya sani tun farko. Uwarta ta dube shi kawai.

Malamar ta riƙe ƙyallen, wai za ta rataye a ɗakin gwaji, a yadda yake. Tabarau ce ta faɗa mini, daga bakin ƙofa, ba ta kalle ni sosai ba. Amma ta ƙara da cewa, "An ce ɗinkin ya yi kyau." Na ce da ma.

Akwai wani farin yadi a ƙasan akwatina, mai kauri, yadi huɗu, na ajiye ban san don me ba. Asu zai ci shi a banza. Na ga irin rigar da malamar take sawa, ba wani abu ba ce, wuya a kwance, aljihu uku, tsaga a baya. Yau na yanka, don kada hannu ya manta kawai. Ban auna kowa ba. Rigar makarantarta da ke kan igiya na ɗan ɗora tef a kai ina wucewa, na ƙara inci biyu a hannu, yara suna tsawo.

Da yamma ina fama da ramin allura, sai na ji an zare ta daga hannuna. Ta zura, ta miƙo mini, ta zauna a bakin gado. Da takalmi. Ta dubi yankakken yadin ta ce, "Aljihun sama ya yi ƙanƙanta, biro biyu nake sawa." Na ce wa ya ce taki ce? Ta ce maɓallan dai ita za ta duba su kafin a naɗe.

Keken za ta koma kusurwa in na gama. Ba komai. Ta yi nata.

Kai kuma mai leƙe, na san har yanzu kana nan. Ilektiron ne. Wuta tana ɗaga shi sama, ba ya iya zama a can, kuma ba ya ba da haske sai lokacin da ya saki abin da ya riƙe ya sauko wurinsa.